Sawu Huɗu a Gindin Katanga

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, aka nemi kwamfutar marigayi Alhaji Maccido aka rasa. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, kafin magariba ta isa bakin iyaka, inda 'yan canji da masu babura ke jiran masu ƙetarawa Konni. Duk wanda ya ji sai ya tambaya, wa ya shiga gidan? Amsar kuwa ɗaya ce a bakin kowa: Jabir.

Jabir mutumin Konni ne, amma ya fi shekara ashirin yana ɗaukar wa Alhaji Maccido kaya a kan babur tsakanin Konni da Illela. A Illela ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'yansa huɗu. Sana'arsa gaba ɗaya a kan yarda take tafiya: a ɗora masa kaya a nan, ya sauke a can, babu takarda babu shaida. Duk ranar da sunan ɓarawo ya zauna a kansa a bakin iyaka, ba mai sake ɗora masa ko ƙullin gishiri.

Abdulmalik, babban ɗan marigayin, ya ce ya ba shi zuwa la'asar ɗin Asabar. In kwamfutar ba ta fito ba, 'yan sanda ne za su tambaye shi.

Autar gidan, Fatimatuzzahra, ba ta yi gardama da yayanta ba, don dama ba ta iya gardama ba. Ta dai koma gefe ta buga waya Tozai, ta roƙi a ɗauko mata Baba Sufyanu mai bin sawu.

* * *

Da hantsin Asabar ya iso, ɗan tsoho siriri, rawaninsa ya fi kansa girma. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanu da raƙuman da aka kora, da zamani ya juya sai ya koyi bin tayar babur. Ba ya duban fuskar mutum sai ya gama duban ƙafarsa. Shi ba baƙo ba ne a gidan: da shi da uwar gidan, Hajiya Zuhura, wadda 'ya'yanta ke kira Umma, taubasai ne, tare suka yi wasan ƙasa a Tozai.

Abdulmalik ya tare shi a zaure. Da suka gama gaisawa ya ce, "Baba, an wahalshe ka a banza. Mun san wanda ya ɗauka."

"To mi kunka kira ni in yi? In taya ku sani?"

"Ba ni na kira ka ba. Auta ce."

"Abin da anka sace ɗin nan, ƙahwa gare shi ko taya?"

"Ba ya da ko ɗaya."

"To wanda ya ɗauke shi yana da su. Mu tahi in gani."

Abdulmalik ya riƙo hannun rigarsa, ya rage murya. "Abu guda nake roƙo. Umma ba ta sani ba, kuma ba mu son ta sani. Yau kwananta sittin da uku tana takaba, jininta bai sauka ba tun ranar rasuwar. In ta ji an saci kayan Alhaji a cikin gidanta, ban san abin da zai faru ba."

"Na ji," in ji Baba Sufyanu. Bai ce ya yarda ba.

Falon marigayin ɗan ƙarami ne, ƙofarsa na kallon tsakar gida. A ƙarƙashin tebur akwai bulo biyu a jere, babu komai a kansu sai bakin igiyoyi biyu, ɗaya baƙa mai kauri, ɗaya shuɗiya siririya. Shuɗiyar ta hau bango ta shiga wani ɗan akwati mai ƙiftawa da koren haske. Taku ɗaya daga bulon, a bakin ƙofa, takalma ne jibge.

Fatimatuzzahra ta durƙusa ta gaishe shi. Bara ta gama jami'a a Sakkwato, ilimin kwamfuta ta karanta, amma in tana magana yatsunta take kallo.

"Ina goye Alhaji ya sayo ta a Kwatano," ta ce. "Tsohuwa ce ƙwarai, nauyinta kamar ɗan dutsen niƙa. Bayan rasuwa na buɗe ta, na tarar da hotunan gida tun na bikin Yaya, da takardun gonaki. Sai kuma karatunsa. Ashe shekarun nan in ya dawo daga asuba yakan zauna ya ɗauki muryarsa yana tilawa. Saura kaɗan ya sauke."

"Muryar tana ciki?"

"Tana ciki. Babu ita a ko'ina sai nan, ban kai ga kwafewa ba." Ta dubi bulon. "Na ga kowa zai so ya riƙe ta a ɗakinsa, sai na mayar da ita kamar rumbu. Wannan shuɗiyar igiyar ta haɗa ta da akwatin intanet na gida. Duk wanda ke cikin gidan nan, da wayarsa zai buɗe ya ji karatun, ko ya ga hoto, ko ya zuba nasa ya ajiye. Ita tana nan zaune, ba sai an taɓa ta ba."

"Rumbu guda, kowane ɗaki da tashi ƙohwa."

Ta ɗago ta dube shi karo na farko, ta yi murmushi. "Haka, Baba."

"To don mi rumbun ke ƙasa?"

"Igiyar gajera ce, kuma kwamfutar na yin zafi. Ƙasa ta fi sanyi, shi ya sa na aza ta a kan bulo."

Ta ce jiya da sha biyun rana ta saurari karatun a wayarta, sannan ta bi matan gidan zuwa suna a maƙwabta. Maza suka tafi masallaci. Da ta dawo wajen biyu da rabi ta buɗe waya, wayar ta ce ba ta ga rumbun ba.

Baba Sufyanu ya tsuguna. Igiyoyin biyu an nannaɗe su tsaf, an jera bakinsu gefe da gefe, kamar yadda ake ajiye zare bayan an gama saƙa.

"Ke kinka naɗe su?"

"A'a. Haka na same su."

* * *

Jabir na zaune a inuwar dogon yaro a ƙofar gida, kusa da babur ɗinsa. Masu wucewa da suka saba tsayawa su yi masa ba'a yau sai su ɗaga hannu daga nesa su ƙara sauri. Idanunsa sun yi ja.

"Ka shiga gidan jiya?" in ji Baba Sufyanu, yana zama a kan saiwar itacen.

"Na shiga. Na kai gawayi kicin kamar kowace Juma'a, na gaida Hajiya daga nesa, na hito."

"An gan ka da buhu a bayan babur."

"Nawa ne."

"Mi ke ciki?"

"Gero."

"Ina ka kai shi?"

Jabir ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "Baba, na yi wa wanda ba ya duniya alkawali."

"Ko za a kulle ka?"

"Ko za a kulle ni." Ya jefar da tsinken. "Abdulmalik ɗin nan ni na koya mashi babur. A gabana yake zama, ƙahwahunshi ba su kai ƙasa ba. Jiya a gaban mutane ya ce in buɗe buhuna, alhali ya san buhun ba ya nan."

Baba Sufyanu bai ba shi haƙuri ba. Ya miƙe ya zagaya bayan babur ɗin, ya shafa tayar baya. A gefenta akwai wani tsohon faci mai yatsu uku, irin wanda zai bar tambari a yashi kamar sawun zabuwa.

Kafin ya bi tayar, sai da ya biya ta kusa da tasha, domin an ce masa akwai mutum na biyu da ya san kwamfutar: Faruk mai gyaran waya, wanda ya haɗa wa Fatimatuzzahra shuɗiyar igiyar. An ce har ya taɓa taya kwamfutar.

Faruk ya ajiye wayar da yake kwancewa ya yi dariya har da buga tebur. "Baba, wasa hwa nake! Na ce in saya in danne ƙohwar shago da ita in iska ta taso. Wa zai sayi wannan? Haruffanta ma na Faransanci ne, ba inda ka san su suke ba."

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Sahu ɗaya da Abdulmalik, kahwaɗa da kahwaɗa. Tambaye shi, har taka mani ƙahwa ya yi." Ya goge hannunsa a riga, fuskarsa ta canja. "Amma bari in gaya maka wani abu. Batirin kwamfutar nan ya mutu tun ina makaranta. Baƙar igiyar nan ita ce ranta. Kana zare ta, take za ta ɗauke, kamar an hura fitila. Kuma irin igiyar ba a samunta yanzu ko a Konni. Wanda ya san kan kaya ba zai ɗauki kwamfutar ya bar igiyar ba. Jabir kuwa ya sha kawo mani ita gyara, ya san haka sarai."

"To wanda ya ɗauka bai san ta ba ke nan."

"Ko kaɗan."

* * *

Wani mai babur ya ɗauki Baba Sufyanu, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, tsohon na leƙen gefen hanya. Sau uku suna tsayawa a mararraba. A ta ukun, inda hanyar yashi ta rabu zuwa Kalmalo, ya ga sawun zabuwar nan a gefe, inda sauran tayoyi ba su taka ba. Ya bi shi ta cikin gonakin albasa, ya wuce masunta suna gyaran raga a bakin tafki, har ya tsaya a ƙofar wani gidan zana a ƙarshen gari.

Wata tsohuwa makauniya ce a ciki, tana bakace da laluben hannu. A bayanta ga buhu a jingine, an buɗe bakinsa.

"Ɗan Konni ke kawo mani," ta ce da ya tambaye ta. "Juma'ar farkon kowane wata, yau shekara tara. In na ce wa ya aiko, sai ya ce wani bawan Allah. Jiya ma a nan ya yi Juma'a." Ta karkata kai. "Watannin nan biyu dai buhun ya ɗan rage, kuma geron ba irin na da ba ne. Ban yi magana ba, kar ya ji kunya. Lahiya dai?"

"Lahiya lau," in ji Baba Sufyanu. Ya zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu. Gero ne har ƙasa.

A hanyar dawowa bai leƙa gefen hanya ba. Wata biyu ke nan da rasuwar Alhaji Maccido, ya gane shi ne bawan Allahn da ke aikowa, kuma yanzu daga rumbun Jabir geron yake fitowa. Amma ya san kuma cewa buhun gero ba zai wanke Jabir ba, wani zai ce ai kwamfuta na shiga ƙarƙashin riga. Sai an ga kwamfutar da ido. Rana kuwa ta riga ta karkata.

Ya tarar da Abdulmalik da ƙanwarsa a zaure bayan azahar.

"Ku sake gaya mani," ya ce. "Da maza sunka tahi masallaci, mata sunka tahi suna, wa ya rage a gidan?"

"Ba kowa," in ji Abdulmalik.

"Ba kowa?"

"Sai Umma. Ita ai tana takaba, ba ta hita."

Baba Sufyanu ya yi sallama ya shiga tsakar gida.

Tsakiyar filin ba abin karantawa. Tun jiya 'yan jaje suka tattake shi, da safe kuma aka share. Amma tsintsiya ba ta son wahala, ba ta shiga bayan randuna. A nan, tsakanin randunan da katanga, akwai wata 'yar siririyar hanya mai inuwa da ta tashi daga ƙofar ɗakin Umma ta ƙare a ƙofar falo. Ya tsuguna a bakinta, ya kare idonsa da tafin hannu.

Takalmi ɗaya ne ya bi ta, ƙaramin silifa, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa. Sau huɗu ya bi ta.

Na farko ya nufi falo. A gefen damansa, kowane taku biyu, ga ɗan ramin da bakin sanda ke bari. A gefe da gefe kuma ga wasu 'yan ƙananan ramuka kamar na yayyafi, irin waɗanda ruwa ke yi in yana ɗiga daga gwiwar hannu. Sun bushe, amma yashi bai manta da su ba.

Na biyu ya dawo daga falo. Takun ya gajarta, dunduniya ta nutse. Babu sanda.

Na uku ya sake komawa falo, shi ma babu sanda, sai shafar yatsu a jikin katanga. Na huɗu ya dawo da sandarsa.

Fatimatuzzahra na tsaye a bayansa. Bai juyo ba ya ce, "Auta, tun yaushe gwiwar uwarki ke ciwo?"

"Shekara biyar. Ko bayi ba ta zuwa sai da sanda."

"Ta san karatun Alhaji na cikin kwamfutar?"

"Ran Alhamis na kunna mata a wayata. Ta saurara har ta yi hawaye. Sai ta ce, ina muryar take zaune? Na kama hannunta na kai ta falo na nuna mata." Ta dafe baki. "Ba ta ce komai ba, Baba. Ta dai tsaya tana kallon takalman."

* * *

Baba Sufyanu ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakin Umma, labule tsakaninsu.

"Salamu alaikum. Zuhura mai kukan ƙwace ɗanwake, ana nan?"

Daga ciki wata murya siririya ta amsa sallamar. "Wa nake ji kamar Suhyanu mai bin kashin raƙumi? Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki riga ni, in ci gumba."

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta yi nisa ba. Suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, ta amsa.

"Zuhura, na ga inda kinka bar sandarki jiya."

Labulen bai motsa ba.

"Shekara biyar ba ki rabu da ita ba. Na ce a raina, mi zai sa ta jingine sanda ta taka da gwiwar nan? Sai abin da ba a ɗauka da hannu guda. Kuma da alwala kinka tahi."

Ya ji numfashinta ya canja. Da ta yi magana, a hankali ta yi, kamar mai tsoron bango ya ji.

"Karatun Alƙur'ani, Suhyanu. A ƙasa. Kusa da takalma, kowa na tsallakawa. Mutumin da ko allo bai taɓa bari ya kwana a ƙasa ba. Daren Alhamis ban runtsa ba. Ban so in yi wa Auta hwaɗa, yarinyar don Allah ta yi, kuma in an yi mata magana kwana uku take ba ta cin abinci. Na ce bari su hita in ɗauke shi in sa inda ya dace."

"Ina yake?"

"Bisa kwaba. Na naɗe shi da buzun Alhaji." Sai kukan ya ƙwace mata. "Amma na kashe shi. Akwai 'yar wuta da ke ci a gabanshi, ina zare igiyar ta mutu. Na kara kunnena, shiru. Na jijjiga, shiru. Abin da ya rage na muryarshi a duniya, ni da hannuna. Tun jiya nake son in gaya ma Auta, bakina ya ƙi. Su kuma duk wanda ya shigo sai murmushi yake mani, ba mai cewa komi."

Baba Sufyanu bai san ko muryar ta mutu ba, ba kuma zai yi mata ƙarya ba. Ya yafito Fatimatuzzahra, wadda ke raɓe a jikin randa tana share ido da gefen mayafi. Ta shige ɗakin. Ya ji ta tana cewa, "Umma, ba ta mutu ba. Barci take. Ana mayar da igiyar za ta tashi, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Wallahi, Umma." Ta maimaita sau uku kafin kukan ya lafa.

Ya so ya bar su haka, amma inuwar katanga ta kusa kai randuna.

"Zuhura, saura magana guda, kuma ɗiyanki sun ce kar in gaya maki. Tun jiya ana neman abin nan. An ce sace shi anka yi. An ce Jabir ne. In an yi la'asar za a kai shi ga 'yan sanda."

Sai ƙarar sanda a kan siminti.

"Jabir? Jabir nawa?" Muryar da ta fito yanzu ba siririya ba ce. "Tara mani su. Duka."

* * *

Suka taru a tsakar gida: Abdulmalik, da Faruk da aka kira daga shago, da matan gidan a bakin ƙofofinsu. Jabir ya tsaya can baya kusa da zaure, ya ƙi zama. Umma ta fito lulluɓe, Fatimatuzzahra na riƙe da ita, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno.

Baba Sufyanu ya yi magana a taƙaice. Ya ce Faruk na masallaci. Ya ce ya bi tayar Jabir har inda ta tsaya, ya zura hannu cikin buhun, gero ne.

"Ina ya kai shi?" in ji Abdulmalik.

"Wannan ba a aike ni in gano ba." Ya nuna bayan randuna da haɓa. "Kun ce ba kowa a gidan. Akwai mutum, kun dai daina ƙidaya ta ne tun da ta shiga takaba. Kun ɓoye mata don kuna sonta, ita ma ta ɓoye maku don kunya. Da ɗayanku ya buɗe baki jiya, da ban bar gonata ba. Ba a yi sata a gidan nan ba. Kwamfuta tana bisa kwabar uwarku, cikin buzun ubanku."

Abdulmalik ya dubi uwarsa. Umma ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari, yau ma ba ta kira ba.

"Kai babban," ta ce. "Mutumin da ya shiga kabarin ubanka ya karɓe shi, shi ka ce ya buɗe buhu?"

Ya sunkuyar da kai. "Umma, muryar Alhaji ce. Da na ji ta ɓata, hankalina ya gushe."

"Ni ma nawa ya gushe. Ban kira kowa ɓarawo ba."

Ya juya wajen zaure. "Jabir, ka yahe mani."

"Na yahe," in ji Jabir, ba tare da ya matso ba. "Amma a tsakar gida kake hwaɗi, maganar kuwa tana bakin iyaka. Yau tun sahe ba wanda ya ba ni kaya. Gobe zan kwashe iyalina mu koma Konni."

Faruk ya yi gyaran murya ya ce shi dai zai kawo doguwar igiya, a ja ta har ɗakin Hajiya, a kafa katako a sama, kwamfutar ta zauna can kowa ya ci gaba da ji daga wayarsa. Fatimatuzzahra ta gyaɗa kai. Maganar ta faɗi a ƙasa, ba wanda ya ɗauka, domin duk idanu na kan Jabir, wanda ya riga ya juya zai fita.

"Jabir," in ji Umma.

Ya tsaya.

"Gado na taka na aza shi can sama, gwiwata har yanzu ba ta yahe mani ba. Ba ni iya sauko da shi. Kuma ban yarda kowa ya taɓa shi ba sai kai. Shiga ɗakina ka ɗauko."

Shekara ashirin da wani abu yana shiga gidan, bai taɓa wuce bakin wannan ƙofa ba. Ya dubi labulen, ya dubi hannuwansa masu baƙin mai.

"Hajiya, ba ni da alwala."

"To mi kake jira?"

Kafin ya motsa, Abdulmalik ya riga shi. Ya ɗauki buta, ya cika ta a randa, ya zo gabansa ya tsuguna. Jabir ya miƙa hannu zai karɓa, Abdulmalik ya ƙi saki.

"Ni zan zuba maka," ya ce. "In mun gama, ka ɗauke ni a bayan babur ɗinka mu tahi bakin iyaka. Rumhwa rumhwa zan bi, in hwaɗi da bakina."

Jabir ya naɗe hannun rigarsa, ya tsuguna, ya tara tafukansa biyu.

"A hankali," ya ce. "Kullum garaje gare ka."

Abdulmalik ya karkata butar, ruwan ya sauko siriri.